Uban Da Ya Yi Shiru, Da Abokin Da Ya Zo

Akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda ya daina zuwa sujada tun ranar da alƙali ya ɗaure ɗansa na fari wata 18 saboda sata. Ba wanda ya kore shi daga majami'a, kunya ce ta zaunar da shi a zaure. Abin da ke cinsa a rai kuwa shi ne, tun yaron yana ƙarami yakan ɗauke kuɗin cefanen uwarsa, shi kuma uban sai ya yi fushi a zuci, ya biya, ya ja bakinsa ya yi gum.

Duk mai karanta Littafi Mai Tsarki ya san irin wannan shiru, gama shi ne na Sarki Dawuda. A littafin Sama'ila na Biyu, sura 13, sa'ad da Amnon ya ɓata ƙanwarsa Tamar, sarki ya husata ƙwarai, amma bai hukunta shi ba. Watakila laifinsa na kansa game da matar Uriya ne ya ɗaure masa harshe, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Bayan shekara 2 Absalom ya kashe Amnon, ya gudu Geshur shekara 3, ya komo Urushalima ya ƙara shekara 2 bai ga fuskar ubansa ba. Ƙarshenta ya yi tawaye, Dawuda ya fita daga birninsa ba takalmi, kansa a lulluɓe, yana kuka.

A can Mahanayim, ƙetaren Kogin Urdun, mutum uku suka tarye shi, cikinsu har da Barzillai, tsoho mai shekara 80. Ba su tambaye shi yadda ya yi renon 'ya'yansa ba. Gadaje suka kawo, da tukwane, da alkama, da wake, da zuma, da tumaki. Yowab ne ya zo da magana mai ɗaci daga baya, bayan mutuwar Absalom, ya ce da sarki ya tashi ya fita wurin mutanen da suka sayar da ransu dominsa. Yowab ba mutumin koyi ba ne, gama shi ya kashe yaron, amma a ranar nan gaskiya ya faɗa, sarki kuma ya tashi ya zauna a ƙofar gari.

Shi dattijon nan Allah ya ba shi aboki guda wanda ya haɗa halin biyun, ya kuma san wanda ya kamata ya riga. Mako uku yana zuwa da la'asar da ƙwaryar fura, su zauna, ba ya ta da zancen. Masu zuwa jaje suna ta cewa ƙaddara ce, shi kuwa bai taɓa faɗin haka ba, don ya san ba ita kaɗai ba ce.

A mako na huɗu ya ce masa, "Malam, ka yi sake, kai ma ka sani. Amma Dawuda gawa ya yi wa kuka, naka ɗan yana da rai, ga ƙannensa uku kuma suna kallonka."

Ran Asabar aka ga su biyun a ƙofar gidan yari, abokin yana riƙe da kwanon tuwo, uban yana ba ganduroba sunan ɗansa.