Ɗan Aike a Gidan Alhaji: Na'urar Sarrafa Gida a Zangon Kwatano

Kalmar zango tsohuwa ce a bakin Bahaushe. A zamanin fatauci, zango shi ne wurin da ayari ke sauka ya kwana, a kwance wa jakuna kaya, a hura wuta, gari ya waye a ɗaura a ci gaba. Fataken da ke bin hanyar Gwanja don sayo goro, da waɗanda suka biyo sawunsu daga baya, sun bar wannan kalma a duk inda suka zauna, har ta zama sunan unguwannin baƙi Musulmi a Kumasi da Lome da Kwatano, inda ake rubuta ta Zongo. Zangon Kwatano, a Jamhuriyar Benin, yau unguwa ce a tsakiyar birni, mai babban masallaci da jerin shaguna, inda kunne kan ji Hausa da Dendi da Yarabanci da Faransanci a kan titi ɗaya.

A wani lungu na unguwar akwai gidan wani Alhaji mai sayar da shadda da atamfa. Gidan bene ne: iyalinsa a sama, 'yan haya a ƙasa, tankin ruwa a kan rufi. Wutar lantarki, wadda a can ake kira kuran kamar yadda ake yi a Nijar, tana zuwa ne daga kamfanin SBEE ta mitar kati, wato sai an biya a sha. Ƙasar ta daɗe tana sayo wuta daga Nijeriya da Ghana, ko da yake a 2019 ta buɗe tashar Maria-Gléta mai ƙarfin megawat 127. Wuta abar tattali ce ke nan, kuma a gidan Alhaji ta kan zurare ta ƙofofi uku: injin tura ruwa da ake mantawa a kunne har tanki ya yi ambaliya, fankokin da ke juyawa a ɗakunan da ba kowa, da fitilun waje da ke ci har hantsi.

Babban ɗansa, wanda ya karanci fannin lantarki a Jami'ar Abomey-Calavi, shi ya kawo shawarar a sa wa gidan na'urar sarrafa kayan lantarki. Tsarin sassa uku ne. Akwai masu ji: 'yar na'urar da ke gane motsin mutum a ɗaki, da wadda ke auna tsayin ruwa a tanki. Akwai masu yi: ƙwan fitila da soket waɗanda ke kunnuwa ko su mutu idan an aiko musu da saƙo. Sai ta uku, uwar tafiyar, wadda ke karɓar labari daga masu ji ta ba masu yi umarni. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin tun 1975 wani kamfani a Sikotland ya fito da tsarin X10, mai aika umarni ta cikin wayoyin wutar gida. Abin da ya sauya a yanzu shi ne kayan sun yi araha, har sun iso kasuwannin bakin teku irin na Kwatano.

Mai nazarin Hausa zai ga abin sha'awa a yadda ake koya wa wannan na'ura aiki, domin duk dokokinta jimlolin sharaɗi ne. Ga uku daga cikin na gidan Alhaji, idan aka mayar da su Hausa: "Idan tanki ya cika, a kashe inji." "Idan rana ta faɗi, a kunna fitilar ƙofa." "Idan wuta ta dawo, a jira minti biyar kafin a kunna firiji." A lura da ginin jimlar. Sashen farko yana cikin lokaci shuɗaɗɗe, ya cika, ta faɗi, ta dawo, alhali abin bai riga ya faru ba. Hausa tana ɗaukar sharaɗin tamkar ya kammala kafin ta faɗi abin da zai biyo baya. Sashe na biyu kuma umartau ne da wakilin suna a, wanda ba ya bayyana mai aikatawa. Da irin wannan jimla uwar gida ke barin sallahu idan za ta fita unguwa: in yara sun dawo, a ba su abinci. Wanda ya iya barin sallahu ya riga ya san rabin aikin.

Kayan farko da ɗan ya sayo masu sauƙin kuɗi ne, kuma suna da wani hali da ba a rubuta shi a jikin kwali ba. Idan mutum ya taɓa manhajar a wayarsa, saƙon ba ya zuwa wurin fitilar kai tsaye. Sai ya fita ta intanet, ya ƙetare teku zuwa manyan kwamfutocin kamfanin, sannan ya dawo ga ƙwan da ke rataye kamu biyar daga hannun mai wayar. Ban da haka, irin wannan ƙwai yana buƙatar wuta a jikinsa kullum don ya ji kira, saboda haka ɗan ya bi makunnan bango ya liƙe su da salatif, ya hana kowa taɓawa.

Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet da ke kwance a ƙarƙashin teku daura da gaɓar Kodebuwa suka sami matsala, ciki har da WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Intanet ta yi rauni ƙwarai a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, Benin na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Kwanakin farko ne na azumin Ramadan. Da asuba Hajiya ta fito za ta ɗumama abincin sahur, wutar SBEE na nan daram, amma madafi duhu. 'Yarta ta yi ta latsa waya, ba amsa. Hajiya ba ta ce uffan ba. Ta lalubi bango, ta ɓare salatif da farce, ta danna makunni ƙasa ta mayar sama, haske ya kawo.

Bayan sallar asuba Alhaji ya kira ɗansa. "Wannan yaro da ka ɗauko mana aiki," in ji shi, "ashe sai ya je ƙasar waje ya nemo izini kafin ya kunna mana fitila?"

"Baba, a yi haƙuri, za a gyara."

"Gyara ɗaya ne. Wanda ke cin abincin gidan nan, a gidan nan zai riƙa kwana."

Maganar Alhaji ta yi daidai da abin da masu amfani da irin waɗannan kaya suka koya a wasu ƙasashe da tsada. A 2016 kamfanin Nest ya rufe hidimar na'urar Revolv a Amurka, waɗanda suka saya suka wayi gari da akwatin da ba ya komai. A Afrilun 2022 kwamfutocin Insteon suka mutu ba sanarwa. Zanen aro ba ya rufe katara. Ɗan ya koma ga Home Assistant, manhajar kyauta wadda Paulus Schoutsen ya fara a 2013, ya ɗora ta a kan 'yar kwamfutar Raspberry Pi mai girman tafin hannu, ya ajiye ta a saman kabad tare da ƙaramin batir. Ya sauya kayan zuwa masu magana da tsarin Zigbee, wanda ke haɗa su da juna ta iska a cikin gida ba tare da intanet ba. Ya cire salatif, ya sa 'yan na'urori a bayan makunnan bango, ta yadda yatsa da waya duk suna aiki. Ko lokacin faɗuwar rana, na'urar da kanta take lissafa shi daga matsayin Kwatano a doron ƙasa.

Saura magana, kuma nan ne harshe ya nuna ƙarfinsa. Alexa ta kamfanin Amazon, wadda ta fito a 2014, tana jin Turanci da Faransanci da Larabci, ba ta jin Hausa. A gidan Alhaji ma da Faransanci ake yi wa na'urar magana. To amma ko da ta ji Hausa, da sauran aiki. Ɗauki "kashe wuta". Idan Hajiya ta faɗa wa ɗan aike haka, ya san ko fitila take nufi, ko murhu, ko wutar gidan baki ɗaya, domin yana kallon inda take tsaye. Na'ura ba ta da wannan basira. Kowane abu sai an raɗa masa suna nasa shi kaɗai. Ɗan ya zauna ya raɗa: zaure, tsakar gida, madafi, matakala. Da ya zo kan ɗakunan kwana sai ya sa wa kowanne sunan mai shi, har da nasa da na mahaifinsa.

Mako biyu Hajiya tana umartar fitilar madafi da ta tsakar gida, amma ɗakuna biyu ba ta taɓa ambatarsu ba. In ta ga an bar fanka a ɗayansu, sai ta taka da ƙafarta ta kashe, ko ta ce wa ƙaramar 'yarta, "Ke, je ki kashe na ɗakin yayanku." Ƙanwar ce ta ankarar da shi: "Yaya, ka manta Hajiya ba ta faɗin sunanka?" Shi ɗan fari ne. Alkunya ta hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, kamar yadda ta hana mace kiran sunan mijinta, kuma Faransanci bai ɗauke wannan nauyi ba, tunda sunan dai shi ne sunan. Manhajar tana ba da damar a yi wa abu ɗaya laƙabi fiye da ɗaya. A daren ya ƙara biyu: ɗakin Yaya, da ɗakin Alhaji.

Abu na ƙarshe da aka yi shawara a kansa shi ne iyakar idon na'urar. Tana rubuta komai: ƙarfe nawa aka buɗe ƙofa, wane ɗaki aka yi motsi da tsakar dare. Ɗan ya so ya sa masu jin motsi a ɗakunan 'yan haya don rage kuɗin wuta, Alhaji ya hana. A al'adar zango, mai masauki yana tsare kayan baƙonsa, yana kuma tsare sirrinsa. Wanda ya leƙa ɗakin baƙo ba ya sake samun baƙi. Aka tsaya a tanki da inji da fitilun waje da ɗakunan iyali.

Har yanzu Hausa ba ta tsayar da suna ɗaya ga wannan na'ura ba. Mai fassara zai iya cewa na'urar sarrafa gida, kuma ya yi daidai. Sai dai sarrafa kalma ce mai nauyi, tana ɗauke da ma'anar juya abu yadda aka ga dama, shi ya sa ya kamata ɗalibi ya tambayi kansa wa ke sarrafa wa. Mutanen gidan Alhaji ba su jira masana ba. Yaron gida suke ce mata, sunan da ke nuna matsayinta: tana kwana a gidan, tana jin sallahu, tana kiran mutane yadda ake kiransu, akwai kuma ɗakunan da ba ta shiga. Ranar da ta yi nauyin kunne, makunni na nan a bango, daidai kafaɗar Hajiya.