Butar Baba

A cikin azumin 2021 Baba ya faɗi. Ana dab da shan ruwa, yana zaune a zaure da wata babbar riga da yake yi wa aska takwas, sai allurar ta suɓuce masa. Ya kai hannu zai ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. Wanda ya san zafin Afrilu a N'Djamena, lokacin da ma'auni ke haura 40, ba zai ga laifinmu ba da muka ce azumi ne ya galabaitar da shi. Sai da Inna ta ga bakinsa ya karkace sannan ta ɗora hannu a ka.

Muna kwana na huɗu a asibiti aka ba da sanarwar rasuwar shugaban ƙasa Idriss Déby, ranar 20 ga Afrilu, aka kuma sa dokar hana fita da dare. Gari kowa na maganar mulki, ni ina kwance a barandar asibiti ina maimaita abin da likita ya ce: hawan jini ne, jijiya ta toshe a ƙwaƙwalwa, ɓarin dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Tun 2007 gwamnatin Chadi ta yi shelar kulawar gaggawa kyauta a asibitocinta. To amma shanyewar jiki ba ciwon kwana uku ba ne. Ranar da aka sallame mu, ashe ranar ce jinya ta fara.

Ni ne ɗan fari. Tunda na taso Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "kai" ko "wannan yaron", ko da na yi furfura a gemu. Ba ma cin abinci kwano ɗaya, ba ma doguwar hira. Yanzu ga shi ni zan ciccibe shi in kai shi bayan gida, in riƙe masa buta, in yi masa abin da ya yi mini ina jariri, ko in ce abin da Inna ta yi mini. Yakan juya fuska ga bango har in gama. Ni ma bangon nake kallo.

Muka yi masa irin gatan da muka sani. Ƙannena mata suna ba shi kunu a baki, ni ina sa masa riga, jikoki suna yi masa fifita. Ko hula ya nufa da hannun hagu, kafin ya taɓa ta wani ya riga ya ɗora masa a ka. Mu a ganinmu biyayya ce. Cikin wata biyu mutumin da ya yi shekara fiye da arba'in yana ɗinki a kusa da Babbar Kasuwa ya koma kamar kayan wanki, inda aka ajiye shi nan za a same shi. Ya rage shan ruwa ƙwarai, a irin wannan zafi. Sai daga baya na gane dalili: ba ya so ya riƙa neman a kai shi bayan gida.

Wata 'yar goggona tana aiki a Faransa, a Lyon, aikinta ke nan shiga gidajen tsofaffi tana taimaka musu. Ita ta kira ni ta WhatsApp ta ce, "Yaya, kuna kashe Baba da hidima." Raina ya ɓaci, amma na saurara. Ta ce a can tun 2002 akwai wani tallafi da suke kira APA, na wanda ya kai shekara 60 ƙarfinsa ya ragu. Hukumar yanki ke turo ma'aikata har gida su duba tsohon, su sa shi a ɗaya daga cikin matakai shida gwargwadon abin da yake iya yi wa kansa. Huɗun farko ne ke samun tallafin, kuma abin da mutum zai cika daga aljihunsa ya danganta da samunsa. Da kuɗin ake biyan irinta, ake sayen kayan taimako. Wani lokaci kuma mai sana'ar da suke kira ergoterapi yakan zo ya zagaya gidan, ya duba dokin ƙofa da gado da makewayi. Ta ce shi ba mai gashin jiki ba ne. Mai gashi ƙarfin hannu yake nema ya dawo, shi kuwa wannan tambayarsa ita ce, da ƙarfin da ya rage, yaya tsohon zai ci abinci, ya yi wanka, ya sa tufafinsa ba tare da ya kira kowa ba.

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. A nan fansho na ma'aikacin gwamnati ne ta hanyar CNRT, ko na ma'aikacin kamfani da aka yi wa rajista a CNPS. Tela mai zaman kansa, 'ya'yansa ne fanshonsa. Ba wata takarda da za mu cike a turo mana mutum. Ta ce, "Na sani. Kuɗin ba za ku samu ba, amma dabarar ai ba a kulle take ba."

Wani maƙwabci ya nuna mana cibiyar da ke unguwar Kabalaye, wadda ake kira CARK, ta ƙungiyar Katolika ta SECADEV. Mutane sun fi saninta da ƙafafun roba na waɗanda yaƙi ko nakiya ta raunata, kuma a baya Red Cross ta duniya ta daɗe tana tallafa mata. A can aka yi wa Baba abin ɗaure ƙafa don kada tafin ya riƙa jan ƙasa, muka samu sanda mai ƙafa huɗu. Sai dai kai shi da dawo da shi a tasi kowane zuwa sai ya ci jaka da dama, ga wahalar da yake sha. Don haka muka haɗa kuɗi, ni da ƙannena da abin da ake aikowa daga Lyon, muka ɗauki wani matashi mai gashin jiki, irin waɗanda ake ce wa kine, yana zuwa gida sau biyu a mako bayan ya tashi aiki.

Zuwansa na uku ne na haɗa shi da 'yar goggona a waya, suka yi ta Faransanci suna juya kyamara cikin gidan. Da ya gama sai ya durƙusa gaban Baba ya ce, "Baba, a cikin duk abin da ake yi maka, wanne ka fi so ka karɓa da hannunka?" Na zaci allura zai ce. Baba ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan kalma ɗaya ta fito: "Tsarki."

Nan ne fa aiki. Tsarki hannu biyu yake so, dama ta riƙe buta, hagu ta wanke, shi kuwa dama ba ta riƙe ko tsinke. Kwana biyu muna juya maganar, sai mai walda na bakin layinmu ya warware ta. Ya ƙera kanta a bango, muka ɗora jarka, aka sa mata ɗan famfo da guntun tiyo da aka ɗaure ya tsaya daidai inda ake so. Hagu ta buɗe famfo, hagu ta yi aikinta. Kafinta ya yi kujera mai rami wadda ke zama bisa bakin salga, don tsuguno ya gagara. Mai waldan ya kafa bututun ƙarfe a bango tun daga ƙofar ɗakin Baba har makewayi, muka fasa dokin ƙofar da ke harɗe masa ƙafa, muka naɗe tabarmin da ke zamewa. Duka kuɗin bai kai na mako biyu na magani ba.

Cin abinci ya zo da nasa rikici. Baba ya rantse ba zai ci da hagu ba. Limamin unguwa ya zo ya yi masa bayanin lalura, ya gyaɗa kai, amma bai ci ba. Sai kine ya naɗe mariƙin cokali da robar tayar keke har ya yi kauri, ya yi masa maɗauri da ke zagaye tafin hannu. Hagu na tallafar gwiwar hannun dama, cokali na tafiya yana rawa, rabin tuwon a riga. Aka kafa mana doka, kada wanda ya taimaka sai ya nema. Wannan dokar ta fi komai yi mana wuya. Ƙanwata takan fita tsakar gida ta yi kuka, wata goggo kuwa da ta zo dubiya ta fita tana cewa mun bar tsoho yana wahala muna kallo. Ban iya ba ta amsa ba a lokacin, kuma har yanzu tana kan bakanta.

Riga aka koya masa ya fara zura hannun da ya shanye. Maɓallai ya sa aka cire, shi da kansa ya nuna wa tsohon yaron shagonsa yadda za a faɗaɗa wuyan. Carbi ya zama abin motsa yatsu, ƙwaya ɗaya sai ta ci numfashi uku. Allura dai ba ta dawo ba har abada, amma yaran shago suna kawo masa zane ya duba, ya nuna kuskure da sandarsa.

Wata asuba, bayan Babbar Salla da 'yan makonni, na ji ƙarar sanda a siminti. Na taso da sauri, sai na gan shi dafe da ƙarfen, yana jan ƙafa. Na miƙa hannu. Bai kalle ni ba, ya ce, "Kai, koma." Ya shiga, na ji ya tura sakata. Na tsaya a tsakar gida ina sauraron zubar ruwa daga tiyon har ladan ya yi kira na biyu.

Baba ya rasu a damina ta 2023. Jarkar mun sauke ta, kujerar mun ba wani maƙwabci da mahaifiyarsa ta karye a ƙugu. Ƙarfen yana nan. Inna ta ce ita ba ta tsufa ba, shanya take yi a kansa. Amma da asuba, in ta ɗauka ba mai ganinta, shi take dafawa.