Birnin da Yake Cin Dajinsa

Mu mutanen birni ba mu cika tambayar inda icen girkinmu ya fito ba. Muna ganinsa a tsibe a bakin hanya, an faskare shi, an ɗaura shi ƙulli ƙulli, mu ba yaro dala ashirin ko arba'in ya sayo, shi ke nan. Amma kowane faskare da yake cikin murhunmu, dā reshe ne a jikin itace mai rai, a gonar wani ko a dajin wasu. A nan Maraɗi, da yawa daga cikin icen da muke ƙonawa daga kudu yake zuwa, wajen dajin Baban Rafi, a ƙasar Madarunfa. Amalanken shanu da na jakuna suna tahowa da shi tun da asuba, manyan motoci kuma suna biye. A ƙidayar 2012 an sami mutum fiye da 267,000 a cikin garin nan, tun daga lokacin kuwa garin bai daina faɗi ba. Ɗan'uwa mai karatu, ka lissafta tukunya nawa ke nan ake ɗorawa sau biyu ko sau uku a yini, sa'an nan ka tambayi kanka ko akwai dajin da zai iya ɗaukar wannan nauyi har abada.

Aikina na katikis yana shigar da ni gidaje da yawa, wajen gai da marasa lafiya, da shirya masu neman baftisma, da zaman makoki. Don haka na ga madafa iri iri, fiye da yadda yawancin maza suke gani. Abin da na fi gani shi ne duwatsu uku a fili, iska tana kaɗa harshen wuta gabas da yamma, tukunya kuwa tana samun ɗan abin da ya rage. Masu binciken wannan al'amari sun daɗe da nuna cewa a irin wannan murhu mafi yawan zafin wutar a banza yake tafiya. Wato mai gida ya biya kuɗin ice goma, tuwonsa ya ci biyu, sauran kuwa an ɗumama sararin sama da su.

Ba sabon magani ake nema ba. Tun a shekarun 1980 aka fito da murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, wanda maƙeranmu suke yi da tsohon ƙarfe, akwai kuma na laka da ake kira Albarka, wanda mace za ta iya ginawa da hannunta idan an nuna mata sau ɗaya. Dabararsu ɗaya ce: a kewaye wutar, a hana iska wasa da ita, a sa tukunya ta zauna daidai bakin murhun domin zafin ya bi jikinta. Sharaɗin kuwa shi ne murhun ya dace da girman tukunyar. Na ga gidajen da aka sayi murhun lamba kaza, aka ɗora masa tukunyar da ta fi shi ko ta kasa shi, daga baya aka ce ai ƙarya ne, ba ya rage kome. Aka jefar da shi bayan ɗaki, kaji suna ƙwai a ciki.

Me ya sa abin da yake da sauƙi haka bai game gari ba cikin shekara arba'in? A ganina, dalilin yana cikin yadda muka raba aikin gida. Wanda yake riƙe da kuɗi ba shi ne yake shan hayaƙi ba. Mai gida yana ba da kuɗin ice kowace safiya, kaɗan kaɗan, ba ya jin zafinsa. Amma ran da aka ce ya fitar da kuɗin murhu gaba ɗaya, sai ya ce uwarsa da duwatsu uku ta yi girki har ta tsufa. Gaskiya ne, ta yi. Sai dai a tambaye shi yadda idanunta suka zama, da irin tarin da take yi da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya, mata da ƙananan yara kuwa su suka fi shaƙarsa, gama su ne a bakin murhu, jariri yana goye a baya. Sa'ad da muke shirya masu aure, nakan kawo wannan magana, samarin kuwa sukan yi dariya, suna tsammani wasa nake yi. Namijin da ya yi alkawari a gaban jama'a zai kula da matarsa cikin ciwo da lafiya, ya kamata ya fara leƙa inda ciwon yake fitowa.

Akwai kuma gaz. Tun da aka buɗe matatar mai ta kusa da Damagaram a 2011, gaz ɗin girki na ƙasarmu ne, butali mai kilo 6 kuma ya shiga gidaje da yawa. Duk wadda ta gwada ta san ya fi ice tsabta da sauri. Matsalarsa biyu ce. Ta fari, kuɗin sayen butalin da kan murhun a karo na farko, wanda yake da nauyi ga mai neman na yau. Ta biyu, wani lokaci yakan yi wuya a gari, mace ta yi ta yawo da butali a kan babur ba ta samu ba. Ta farin tana da magani a hannunmu. Ai a wannan jiha tamu ne aka fara ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara a 1991, har dabarar ta bazu zuwa ƙasashe masu nisa. Matan zumunta da suke iya tara kuɗin anko na Kirsimeti, kowa da zane iri ɗaya, ba za su kasa tara kuɗin butali ba, wannan wata na wance, wata mai zuwa na wance. Ban ce a bar anko ba, kada a kai ƙarata. Na ce dai zane yakan koɗe kafin shekara ta kewayo.

Wanda bai kai ga gaz ba, akwai abin da ba ya cin ko dala. A jiƙa wake tun da dare, zai nuna da rabin wutar da ya saba ci. A rufe tukunya. A shanya ice ya bushe sarai, gama ɗanyen ice hayaƙi ne kawai. In an sauke tuwo, a zare sauran icen a kashe shi da ƙasa maimakon a bar shi ya cinye kansa. Kakanninmu sun san duk wannan, domin su da kansu suke zuwa daji su ɗauko a ka, sun san nauyin kowane reshe.

A nan ne nake ganin mutanen ƙauye sun ba mu kunya. Mu a birni, tun 1975, zamanin Seyni Kountché, aka mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace. Ina yaro a makarantar mishan, kowace shekara ana ba mu 'yan itatuwa a leda mu dasa a layi. Har wa yau ana yi: manya su zo da manyan riguna, a haƙa rami, a zuba ruwa da sabuwar buta, a tafa, a watse. Ka koma wurin a watan Afrilu ka ƙirga waɗanda suka rayu. Awaki sun ci nasu, rana ta ƙone sauran. Ba wanda ya yi mugunta, sai dai itacen ba na kowa ba ne, abin da ba na kowa ba kuwa ba mai ba shi ruwa.

Manoman jiharmu wata hanya suka bi. A 1983 wani ɗan mishan na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, wanda ya sha wahalar dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da suke fitowa a gonaki, waɗanda ake sassabewa kowace bazara, ba ciyayi ba ne. Tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a kowane kututture, ya datse sauran, ya tsare su. Saiwar da ta riga ta yi zurfi ita za ta yi aikin. Sabara, da kalgo, da geza, da gawo suka soma tashi a inda dā fili ne fetal. Yunwar 1984 ta sa mutane da yawa suka gwada, da fari domin taimakon abinci da aka haɗa da aikin, daga baya kuwa domin sun ga amfaninsa da idonsu. Suka sa masa suna sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a ƙasar Nijar, yawancinsu a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin, amma waɗanda suka riƙe adda da gatari suka yi aikin, talakawa ne da ba a san sunansu ba. Abin da ya sa ya kama shi ne manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, zai sami ice, da abincin dabba, da inuwa, da taki.

To, ga manomi yana rainon itace shekara biyar, ga mu a birni muna ƙone shi cikin mako ɗaya a murhun da ba ya riƙe zafi. Ba na cewa a daina sayen ice. Tun daga dokar 1992 da ta kafa kasuwannin ice na karkara, akwai ƙauyukan da wannan ciniki ne yake ciyar da su da rani, yake kuma hana samarinsu tafiya cin rani. In birni ya daina saye gaba ɗaya, su za su fara jin yunwa. Abin da nake cewa shi ne a saya, a kuma ƙona shi da hankali, yadda abin da daji yake tohowa a shekara zai ishe mu a shekara.

Leda kuwa, maganarta ta fi ta ice ban haushi, gama ice ko ba kome yana dafa tuwo. Ka sayi tumatir na dala goma a sa maka a leda, albasa a wata, barkono a wata, sa'an nan a haɗa su duka a babbar baƙa. Minti goma ka yi amfani da ita, ita kuwa za ta yi shekaru masu yawa ba ta ruɓe ba. A watan Nuwamba na 2014 aka yi dokar da ta hana yin irin wannan leda marar kauri, da shigo da ita, da sayar da ita a ƙasar Nijar. Ka fita bayan gari ka dubi ƙayoyi da rassan aduwa, za su gaya maka yadda dokar ta yi aiki. Ruwanda ta hana leda a 2008, can kuwa hanin ya kama, domin an bi shi da gaske. Mahauta sun san abin da suke tararwa a tumbin akuya da saniya: dunƙulen leda wanda ya hana dabba cin abinci har ta rame. Manoman da suke kewaye da gari sun saba kwasar sharar birni da amalanke su kai gona ta zama taki, gama dā toka ce da kashin awaki da ƙaiƙayi. Yanzu sai sun tsaya tsintar leda, abin da ya kuɓuce musu kuma ya shiga ƙasa ya hana ruwa ratsawa.

Mafi muni shi ne magudanan ruwa. Garinmu ya san ambaliya. Ruwan Gulbi ne ya ci tsohon gari a 1945 har aka hau tudu. A ƙarshen watan Agusta na 2024 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, gidaje suka rushe, mutum aƙalla 15 suka rasu a cikin gari. Irin wannan ruwa ko magudanan suna buɗe zai yi ɓarna, ba zan ɗora wa leda dukan laifin ba. Amma duk wanda ya taɓa sa shebur a lambatun ƙofar gidansa ya san abin da yake fitowa: ledar ruwan sanyi, da baƙar leda, da yashi da suka riƙe. Bayan ruwa ya wuce, sauran ya kwanta, sauro ya yi ƙwai, mu kuma mu kama hanyar likita da yara masu zazzaɓi. Ƙona ta ma ba mafita ba ce, hayaƙinta guba ne. Abin da ya rage shi ne kada a karɓo ta tun farko. Kwandon kaba yana nan a kasuwa, matan karkara ne suke saƙa shi, kuɗin kuma hannunsu yake komawa. Mai kai niƙa ta tafi da ƙwarya, mai sayen koko ya tafi da kwano. A bukukuwanmu na coci, randa biyu da moɗa da kofuna da za a wanke sun isa, maimakon buhunan ruwan leda da yaran katikisima za su yini suna tsinta washegari.

Game da itace a gida, shawarata ita ce a bar dasa goma, a dasa ɗaya a inda ruwan wanka yake bi. Bedi yana jure wa fari, ba ya zubar da ganye duka da rani, inuwarsa kuwa tana sanyaya ɗakin kwano fiye da yadda mutum zai zata. Sai dai a nisanta shi da bango da bakin masai, saboda saiwarsa. Wanda gidansa ƙarami ne ya sa zogale, cikin 'yan watanni zai fara tsinkar ganye. Kowanne aka zaɓa, a kewaye shi da ƙaya ko tsofaffin tubala har ya fi ƙarfin bakin akuya, a kuma ɗora wa yaro ɗaya takamaimai alhakinsa, a kira itacen da sunansa. Daga Maris zuwa saukar ruwan fari ne lokacin da yake mutuwa, a waɗannan watanni uku yana bukatar bokiti guda da yamma, ko da ruwan da aka ɗauraye kwanuka ne.