Hanyoyin Keke A Bayan Duwatsun Abuja

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin babbar hanyar Kubwa da sassafe, ya ga motoci layi-layi suna sheƙa gudu kamar ana korarsu, ya san mai keke ba shi da rabo a wannan titi. Abuja gari ne da aka shata domin mota tun daga tushe. Amma a bayan duwatsun da suka yi wa birnin katanga ta arewa, tsakanin Mpape da Ushafa da Bwari, akwai 'yan hanyoyi na ƙafa masu ratsa gonaki da kwaruruka, waɗanda mutum zai yi sa'a biyu yana taka keke a kansu bai ji ƙugin mota ba. Ba gwamnati ce ta yi su ba, babu kuwa allo ko ɗaya da ke nuna su. Ƙafar manoman Gbagyi, watau waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, da kofaton shanun Fulani, su suka fitar da su tun kafin a yi mafarkin dokar 1976 wadda gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa Babban Birnin Tarayya da ita.

Mai son ganin wannan wuri, abin da ya fi masa shi ne ya ɗora kekensa a mota har Dutse Alhaji, ya kama hanyar Bwari, ya ratse zuwa Ushafa, sa'an nan ya hau. Ushafa ƙauye ne a gindin duwatsu, ya yi suna wajen ginin tukwane, har Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarce shi cikin watan Agusta na shekarar 2000. Yanzu ya cika da ma'aikatan da tsadar haya ta koro daga cikin birni, amma da zarar mutum ya wuce gidajen ƙarshe sai kwalta ta ƙare, jar ƙasa ta karɓa, hanya ta tsuke har ta koma faɗin kamu biyu ko uku.

Daga nan ne tafiya take daɗi. Hanya takan bi tsakanin kunyoyin doya da gonakin dawa, ta kewaye gindin kaɗanya ko ɗorawa, ta hau kan fa mai santsi inda babu sawu ko kaɗan, sai mutum ya duba can gaba ya gano inda ta sake ɓullowa cikin ciyawa. Hawan ba shi da tsawo, amma yana da tsauri. Wanda ya zo da irin tsohon Rali mai giya ɗaya, wanda iyayenmu suka yi fatauci da shi tsakanin kasuwannin Kano da Katsina, dole ya sauka ya tura, ba kuwa abin kunya ba ne, gama manoman wurin ma haka suke yi idan sun ɗoro buhun gawayi a kariya. Matan Gbagyi kuwa mutum zai tarar da su tafe da itace ko doya a ƙwarya bisa kafaɗa, domin a al'adarsu ba a ɗora kaya a ka. Mai keke ya buga ƙararrawa tun daga nesa, ya rage gudu, ya yi gaisuwa. Hanyar tasu ce.

In aka kai ƙoli, sai ga ruwa shimfiɗe a ƙasa kamar an ajiye madubi tsakanin duwatsu. Wannan shi ne tafkin madatsar Usuma, wadda aka gina a shekarun 1980, daga nan kuma ake tace ruwan da Abuja ke sha. Da birni ya ƙara girma, ruwan ya kasa, sai aka jawo masa gudummawa ta bututu mai tsawon kimanin kilomita 75 daga madatsar Gurara ta Jihar Kaduna. Jikin madatsar ana tsaronsa, ba a shiga sai da izinin Hukumar Ruwa, kuma wannan tsaro shi ya hana masu gine-gine cinye gaɓar tafkin kamar yadda suka cinye wasu wurare. Saboda haka har yanzu akwai balbela da shirwa, da masunta jifa-jifa cikin kwale-kwale. Kogin Usuma kansa, bayan ya fito daga madatsar, yakan gangara kudu maso yamma ya ratsa Gwagwalada, ya faɗa Gurara, Gurara kuma ta kai ruwan Kwara.

A ƙasashen Turai irin wannan ƙasa dukiya ce. Akwai wata hanyar keke da ta tashi daga Salzburg ta ƙasar Ostiriya, ta ƙetare duwatsun Alps, ta sauka garin Grado a bakin teku cikin Italiya, tsawonta kamar kilomita 410. Wani yanki nata a ɓangaren Italiya tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ce da aka daina amfani da ita, aka cire dogo aka shimfiɗa kwalta, masu keke na bi ta kan gadojinta da ramukan da aka huda cikin dutse. Dabarar ba ta da wuya: kogi ba ya hawan tudu, jirgin ƙasa ma ba ya son tudu, to, duk hanyar da ta bi ɗayansu, yaro da tsoho za su iya taka ta. Ƙauyukan da jirgi ya daina tsayawa a cikinsu sun koma cin abinci da masu keke, wani na sayar da abinci, wani na ba da masauki, wani na gyara.

Abin takaici shi ne waɗanda suka tsara Abuja sun bar wa birnin irin wannan dama. Babban tsarin da kamfanin International Planning Associates ya miƙa a shekarar 1979 ya keɓe kwaruruka da gaɓar rafuka da kawunan duwatsu, aka ce kada a yi gini a kansu, a bar su kore, su zama hanyar ruwa da wurin shan iska. Lambun Millennium, wanda Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta buɗe a watan Disamba na 2003, misali ne na abin da ake nufi, rafi na ratsa tsakiyarsa. Da an bi gaɓar rafukan Jabi da Wupa da 'yar siririyar hanya tun wancan lokaci, da yau magini ko masinja zai taso daga unguwarsa ya isa wurin aiki bai haɗa hanya da tirela ba. Maimakon haka, kwari bayan kwari aka yanka filaye aka raba. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. A watan Yuni na 2023 ambaliya ta mamaye gidaje fiye da 100 a rukunin Trademore da ke Lugbe.

An taɓa samun babban mutum da ya ɗauki zancen keke da gaske. Marigayi Cif Ojo Maduekwe, sa'ad da yake Ministan Sufuri a shekarar 2001, ya riƙa kira ga jama'a su koma hawan keke, har ya hau nasa zuwa taron majalisar ministoci. Wata rana wata bas ta ture shi ya faɗa kwalbati, jaridu suka samu abin dariya, zancen ya mutu. Amma wanda ya duba da kyau zai ga haɗarin nan hujja ce a gare shi: in minista da 'yan rakiya bai tsira a titin Abuja ba, ina ga leburan da ya taso daga Mpape? Ba keke ne ya gaza ba, wurin bi ne babu. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya ninka, masu dariyar sun ragu.

Su ma hanyoyin bayan dutsen ba su tsira ba. Ta wajen Mpape kamfanonin fasa dutse sun ci rabin wasu tuddai, manyan tifofi suna tayar da ƙura, mutanen wurin kuma ba su manta da motsin ƙasar da ya firgita su a watan Satumba na 2018 ba. Ta wajen Bwari kuwa matsalar ta fi wannan muni. A watan Yuli na 2022 'yan bindiga sun yi wa sojojin rundunar tsaron fadar Shugaban Ƙasa kwanton ɓauna a yankin, sa'an nan a watan Janairu na 2024 aka yi ta satar mutane a ƙauyukansa. Don haka masu hawan keke na nishaɗi, waɗanda kan fito ranar Asabar da hular kwano da gorar ruwa, ba sa tafiya ɗai-ɗai, ba sa nisa da gari, kuma sukan tambayi mutanen ƙauye labarin hanya kafin su shiga. Wanda ya ƙi tambaya ya ɗauki alhakin kansa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, ruwa ya ɗauke, ƙasa ta bushe, ciyawa ba ta riga ta ƙone ba, hazon hunturu kuma bai rufe duwatsu ba tukuna. Da damina laka takan cushe tsakanin taya da madigadi har keke ya ƙi motsi, rafin da aka tsallake da safe kuma ya kai ƙugu da la'asar. A tafi da famfo da kayan faci, domin ƙaya ta yi yawa, mai faci kuwa sai an komo Ushafa ko Bwari. Mahayi zai kuma lura da wasu 'yan turakun siminti masu lamba da aka kakkafa a gefen gonaki, wasu ma a tsakiyar hanya. Na masu awon filaye ne. Inda aka ga turaku bana, galibi baɗi katanga za a tarar, sai a nemi wata hanyar a kewaya.