Ziyarar Salbado, Birnin Tudu a Bakin Teku

Galibin mutanenmu, 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, idan suka sami hutu, Dubai ko Alƙahira hankalinsu yake tafiya. Mu kuwa da muka tashi daga Zinyau ta ƙasar Rano, yamma muka nufa, muka ƙetare Tekun Atalantika zuwa Salbado, babban birnin Jihar Bahiya ta ƙasar Barazil, saboda labarin da muka ji cewa akwai sawun kakanninmu a can.

Turawan Fotugal ne suka kafa birnin a 1549, kuma shi ne hedkwatar Barazil har 1763. Gari ne hawa biyu. Na ƙasa yana bakin ruwa, inda tashar jirage da kasuwanni suke. Na sama kuwa yana bisa tudu, kuma akwai lif mai suna Lacerda, wanda aka buɗe a 1873, yana ɗaga mutum mita 72 zuwa can. Wanda ya saba hangen gonaki daga kan duwatsun Rano, a nan ruwa zai hanga iyakar ganinsa. A bakin tituna mata sanye da fararen kaya suna toya ƙosai da manja, suna kiransa akaraje.

To, amma jama'a, ƙawar wurin ba ta ɓoye tarihinsa ba. Tsohuwar unguwar da baƙi suke tururuwa zuwa kallo, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihin duniya a 1985, sunanta Felorinyo, watau turken da ake ɗaure bayi a yi musu bulala. Bayan ɓarkewar yaƙe-yaƙe a ƙasar Hausa daga 1804, an gangara da kamammu masu yawa bakin teku, aka sayar, aka sauke su a nan. A 1807 aka tona shirinsu na tawaye, a 1814 kuma suka sake tashi.

Babban tashin shi ne na daren 24 zuwa 25 ga Janairu, 1835, cikin goman ƙarshe na Ramadan. Kimanin mutum 600, galibinsu Yarbawa Musulmi tare da wasu Hausawa, suka fito da fararen riguna. Asirinsu ya riga ya tonu, saboda haka kafin gari ya waye sojan doki suka ci ƙarfinsu, aka kashe fiye da 70. Cikin waɗanda aka kama akwai wani Bahaushe da ake kira Dandara, 'yantacce, mai sayar da taba a garin ƙasa, wanda yake koyar da karatun Larabci. Takardun ayoyi da addu'o'in da aka samu a jikinsu da gidajensu suna nan ajiye a ma'adanar tarihi ta jihar. Ba a haramta bauta a Barazil ba sai 1888.

Abin lura a nan shi ne, mutanen da aka raba da gida da dangi, ana ɗora musu kaya daga bakin ruwa zuwa kan tudu, ba su yar da allo da salla ba. Yaya ke nan ga wanda ya zo da kuɗinsa, ya sauka a otel, sa'an nan ya bar Asuba ta wuce shi da sunan hutu?

Saboda haka muna shawartar mai niyyar zuwa ya yi hattara. Ya riƙa tambaya kafin ya ci, domin naman alade ya yawaita cikin girkinsu na wake. Ya kiyaye idonsa a bakin ruwa, ya kuma kauce wa makon bikin Kanibal. Akwai cibiyar Musulunci a unguwar Nazare inda ake sallar Juma'a. Alƙibla tana gabas, ta ɗan karkata arewa, ta yadda duk wanda ya tsaya salla yana fuskantar teku da Afirka, kamar yadda waɗancan bayin Allah suka yi.

Allah Ya jiƙansu, Ya sa tafiye-tafiyenmu su zama na ɗaukar darasi. Amin.