Makullin da bai kamata in murɗa ba

Sharan ɗin da na saya 'yar Kwatano ce, mai kujeru bakwai da ƙofofin baya masu zugewa, samfurin da aka fara fitarwa a 2010. Direbobin tasha Sharon suke ce mata. Abin da ya bambanta tawa da yawancin nasu shi ne ita gas take sha, su kuwa fetur. Na zaɓe ta ne don ba ta da shan mai a doguwar tafiya, kuma tana kwashe ni da uwargida da yara da Hajiya har da kaya.

Ana gobe Sallah muka tsaya wani gidan mai a hanyar Zariya. Na miƙa kuɗi ta taga ina amsa waya. Yaron da ke zuba mai ya ga Sharon, ya yi abin da ya saba, ya zura tiyon fetur. Bakin tiyon fetur ya fi na gas siranta, shi ya sa yake shiga tankin gas ba gardama. Warin ne ya sa na waiga, sai dai mai ya riga ya shiga da dama.

Jikin yaron na rawa ya ce, "Alhaji, don Allah kar ka tayar, a tura ta gefe a tsiyaye." Gaskiya ya faɗa, kuma na ji shi sarai. Amma ga layi a bayana ana ta hon, ga rana, ga Hajiya a zaune, ni kuma kunyar a ga ana tura motata ta kama ni. Na ce a cike sauran da gas, ai zai gauraye. Na murɗa makulli.

Ba mu yi nisa ba ta fara shaƙewa, ƙarfinta ya tafi, ta mutu a gefen titi. Motar janwe ce ta mayar da ita Kano, mu kuma muka ƙarasa a motar haya.

A gareji bakanike ya kwance filta, ya juye abin da ke ciki a farantin silba, ya karkata shi wajen haske. Wasu ƙananan ɓurɓushi na ta ƙyalli a ƙasan man. Ya ce, "Oga, famfonka ke nan." Gas yana da maiƙo, shi ke shafe cikin famfon da ke tura mai da matsin da ya haura bar 1,500. Fetur wanke maiƙon yake yi, ƙarfe ya ci ƙarfe, garin ƙarfen ya bi bututu har cikin nozul huɗu. Da ban tayar ba, fetur ɗin na nan kwance a tanki, aikin bai wuce a tsiyaye a zuba sabo ba. Sai ga shi na sayi famfo da nozul, aka wanke tanki da bututu, kuɗin ya ninka na ragon layya.

Na koma gidan man na ba yaron haƙuri, don ranar na yi masa faɗa a gaban jama'a alhali shi ne ya ba ni shawarar ƙwarai. Yanzu akwai rubutun GAS ɓaro-ɓaro a murfin tankina, kuma fitowa nake in tsaya har a gama zubawa.

Mai motar gas, in hakan ta same ka, zare makullin ka sa a aljihu, ka nemi masu turawa.