Birnin da Maza Ke Kuka a Waƙa

Kiɗa ne ya ja ni zuwa dandalin Dorrego, a unguwar San Telmo ta birnin Buenos Aires, ran wata Lahadi da yamma. Wani dattijo na zaune da bandoneon a cinya, yana buɗe shi yana rufewa, abin yana numfashi yana nishi. Daga Jamus aka kawo wannan kayan kiɗa, amma a nan Ajantina ya samu gida. Gefensa ga mawaƙi cikin kwat da hula, mutane na rawar tango biyu-biyu, kowa fuska a murtuke. Abin ya ɗaure mini kai. Wace irin rawa ce babu mai ko murmushi?

Tsohuwar da na sauka a gidanta ce ta warware mini. "Ɗana, ai mawaƙin kuka yake yi," in ji ta. "Matarsa ta tafi."

Na yi mamaki ƙwarai. Mu a gida, su Shata da Ɗanƙwairo sun saba da kirarin mazaje da wasa sarakuna. Namiji ba ya tsayawa a bainar jama'a ya ce mace ta bar shi. Nan kuwa abin tafi ne. Tun 1917, da Carlos Gardel ya rera "Mi noche triste" ta Pascual Contursi, tango ya kama wannan hanya. Mawaƙin ba ya tsawaita bayanin baƙin cikinsa, kayan ɗaki yake nuna maka: madubi, fitila, jita da aka daina kaɗawa. Kowane ɗaya shaida ne cewa da can akwai mace a ɗakin.

Da na san tarihin birnin sai na daina ganin baiƙensu. Jirage sun yi ta sauke baƙi daga Italiya da Sifaniya, galibi maza, har a 1914 kusan rabin mutanen garin haihuwar wata ƙasa ne. Shi ya sa uwa a waƙoƙin ita ce wadda ba ta cin amana, tsohuwar unguwa ita ce ƙuruciyar da ta wuce, yarinyar da fitilun tsakiyar gari suka ruɗa kuma ita ce duk abin da talaka ya rasa. Enrique Santos Discépolo ma a 1934 ya mai da duniya shagon 'yan gwangwan a waƙarsa "Cambalache", inda mai daraja da tarkace ke zube wuri guda.

Kashegari na nufi maƙabartar Chacarita, inda aka binne Gardel bayan haɗarin jirgin sama ya kashe shi a Medellin a 1935. Mutum-mutuminsa na tagulla na tsaye yana murmushi, an cika bango da allunan godiya. Ina kallo wani magidanci ya kunna sigari, ya maƙala a yatsun tagullar, ya ja da baya yana jira ta ci. Na tambaye shi dalili, ya dube ni kamar ni ne abin mamakin, ya ce ai mutumin yana shan taba.